Don Allah mi kalmar "deviant" take nufi? An rubuta ma ƙanena ita a rifot

Ɗan Jega:

Assalamu alaikum jama'a. Masu Turanci don Allah ku taimaka min da wata kalma da ta hana mu barci a gida tun shekaranjiya. Ƙanena ne, shina aji ɗaya na babbar sakandare a wata makarantar kwana nan cikin Kebbi, ba zan faɗi sunanta ba, tun da mahaifinmu ya rasu ni ke riƙe da shi, ni ke biyan kuɗin makaranta ni ke zuwa ranar ziyara. To anka ba su hutu ya zo da rifot, sakamako ba laifi alhamdulillahi, lissafi ma ya ci sosai, amma wurin da malamin aji ke rubuta ra'ayinshi sai na ga an sa "He exhibits deviant behaviour, guardian should see the school authority."

Na kai ma wani maƙwabcinmu da ya yi boko, yana gani sai ya yi salati ya ce wai wagga kalma Turawa ga masu lalata suke faɗinta, irin lalatar da ba a ambato cikin mutane. Inna ta ji, tun ranar ba ta ci abincin kirki ba sai kuka. Na tsare yaron ya rantse min da Allah bai san wannan magana ba, ya ce iyakar saninshi sun taɓa samun matsala da siniyoyi. Wani kuma ya ce min a'a kangararre kawai ake nufi. Na sa kalmar a manhajar fassara ta waya ta ba ni "karkatacce", wannan kuwa bai ƙara min komi ba.

Abin da nake son sani, mi kalmar take nufi tsakani da Allah, nauyinta ya kai abin da maƙwabcinmu ya faɗi ko bai kai ba, kuma in za a faɗe ta da Hausa mi za a ce? Ina son in san inda na dosa kafin in tahi makarantar. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Malamar Turanci, Gusau:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai ka je ka kwantar ma Inna da hankali ta ci abinci, jumlar nan da ka kawo ba ta ce yaron ya aikata abin da maƙwabcinku ya ɗauka ba. Bari mu bi ta a hankali.

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, gaɓa biyu aka haɗa, "de" wato barin abu ko sauka daga kansa, da "via" wato hanya. Ka ga ke nan tushenta sauka daga hanya. Daga nan Turanci ya samu kalmomi 'yan gida ɗaya da yawa kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai "deviate", aikatau ce, kaucewa ko bauɗewa, kuma ba ta da wani zafi ko kaɗan, in direba ya bar hanyar da aka ce ya bi sai a ce "he deviated from the route", in mai jawabi ya bar maganar da aka taru a kai ya shiga wata a ce "he deviated from the topic", kuma da "from" take tafiya, wannan ɗalibaina suna yawan mantawa su saka "to" ko su bar ta haka nan. Akwai "deviation", shi ne sunan kaucewar, har likitoci suna da "deviated septum" in bangon nan da ya raba ƙofofin hanci biyu ya karkace gefe guda, ka ga ai babu laifin kowa a ciki. Akwai "deviance", wannan ta masana zamantakewa ce, da wuya ka ji ta a bakin mutum a kasuwa. Sai "devious", ita ma tushensu ɗaya amma ta yi nata wuri, ma'anarta mai makirci mai ɓoye manufa, kada a haɗa su.

To ita "deviant" ɗin aiki biyu take yi, kuma a nan ruɗanin yake. In ta zo a matsayin sifa tana bayyana hali, kamar yadda aka rubuta muku "deviant behaviour", ma'anarta halin da ya saɓa wa abin da wurin ya ɗauka daidai, shi ke nan, ba ta faɗi wane hali ba ne ba ta faɗi girmansa ba. In kuwa ta zo a matsayin suna aka nuna mutum aka ce "he is a deviant", to wannan zagi ne mai nauyi a Turancin yau da kullum na Ingila da Amurka, kuma sau da yawa hankalin mai ji wajen lalata yake tafiya, musamman in aka sa "sexual" a gabanta. Saboda haka maƙwabcinku ba ƙirƙira ya yi ba, akwai wannan ma'anar, sai dai ya ɗauko ta ya ɗora inda ba wurinta ba.

Me ya sa na ce ba wurinta ba? Saboda na san inda malamanmu suke samo kalmar. Duk wanda ya bi ta kwalejin ilimi ko ya karanta fannin koyarwa a jami'a ya haɗu da ita a darasin halayyar ɗalibai, kuma ka shiga laburaren kowace kwaleji ka duba furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe za ka ga take irin "deviant behaviour among secondary school students" an maimaita shi ba adadi. In ka buɗe ciki me za ka tarar, makara, gudun aji, tsallake katanga, satar amsa, faɗa, rashin kunya ga malamai, shan taba, shan ƙwaya, sata, duk a ƙarƙashin kalma ɗaya. Yaron da ya ƙi sa takalmin makaranta da yaron da ya zo da wuƙa duk sunansu ɗaya a wannan ma'aunin. Malamin ya fito da kalmar a bakinsa, ya zo rubuta rifot ya ga ta yi kama da ta masu ilimi ya dangwala ta.

Ni kuma gaskiya abin nan yana ɓata min rai, ina koyarwa kuma ina rubuta rifot, ban ga dalilin da zai sa a aika wa iyaye kalmar da ba ta gaya musu komai ba sai tsoro. In yaro yana fita ba izini a rubuta yana fita ba izini. In yana faɗa a rubuta yana faɗa. Uwa tana gida ba ta yi boko ba, za a karanta mata ne, kuma mai karantawar zai fassara da abin da ya fi muni a cikin abin da ya sani, ga shi kuwa ya faru a gidanku.

Batun Hausa, ni zan ce "halin da ya saɓa ƙa'ida" ko "ya kauce wa dokar makaranta". Ban yarda da kangararre ba a nan, kangararre shi ne wanda aka yi faɗa aka yi duka aka yi nasiha duk ya gagara, shi ya sa ake cewa gidan kangararru. Fanɗararre ma ta yi nauyi, wannan wanda ya bar tarbiyyar gida gaba ɗaya ne. Bauɗaɗɗe ta fi kusa amma ita kuma tana nuna mutum mai wuyar sha'ani da ba ya tafiya tare da mutane, hali ne na dindindin, ba laifin da aka yi ranar Talata ba. In ka je makarantar tambaya ɗaya za ka yi, me ya yi, yaushe, sau nawa, wa ya gani.

Baban Khalifa, Talata Mafara:

Malama Allah ya ƙara basira, bayani ya yi. Amma ni ina ganin kada mu yi saurin wanke yaro, malami ba ya zama haka kawai ya rubuta a kira waliyyi. Yaran yanzu sai addu'a, yaro na gabanka kamar na Allah amma a makaranta wani abu ne daban, ga ƙwayoyin nan sun cika gari har ƙauye. Ɗan Jega ka je da zuciya buɗe, in an ce ya yi kaza kada ka tsaya kare shi don ƙanenka ne, gara ka ji ɗacin yau da ka ji na gobe. Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Ɗalibin Zamantakewa, Birnin Kebbi:

Amin Baban Khalifa, maganarka gaskiya ce a je a ji. Malama ta gama da ɓangaren Turanci, ni bari in ƙara daga inda na karanta, don wannan kalmar kwas guda muka yi a kanta a jami'a a Sakkwato kuma tun daga lokacin na daina jin tsoronta.

A wajen masana zamantakewa "deviance" ba hukunci ba ne, awo ne. Ana duba abin da jama'ar wani wuri a wani zamani suka ɗauka shi ne daidai, sai a duba wanda ya bar wannan layin, ba tare da an fara cewa shi ne mai laifi ko su ne masu laifi ba. Masu lissafi ma haka suke amfani da 'yar'uwarta, in matsakaicin makin aji 50 ne, wanda ya ci 10 da wanda ya ci 90 duk sun kauce da 40, ɗaya ƙasa ɗaya sama, daga nan ake fitar da abin da suke kira "standard deviation". To ƙanen naka da ya ci lissafi sosai, ta wannan fuskar ma ya kauce daga matsakaici, sai dai ba wanda zai kira waliyyi a kan haka. A Hausa ai muna da maganar da ta yi daidai da wannan, ya fita zakka, ana faɗinta ga yaron da ya lalace a gidan malamai ana kuma faɗinta ga wanda ya yi karatu a gidan da ba mai karatu.

Bafaranshen nan Emile Durkheim, wanda ake lissafawa cikin waɗanda suka kafa fannin, a 1895 ya rubuta cewa babu al'ummar da ba a saɓa wa dokarta, kuma saɓawar tana da aikin da take yi, don ranar da aka hukunta mai laifi ranar ce sauran jama'a suke sake tuna inda iyaka take. Har ya kawo misalin Socrates, wanda a dokar Atina ta lokacin mai laifi ne aka yanke masa hukuncin kisa, amma 'yancin tunanin da aka kashe shi a kai daga baya shi aka dawo ana taƙama da shi. Sai Ba'amurke Robert Merton a 1938 ya zo da wata fuskar da nake ganin kamar don Najeriya ya rubuta ta, ya ce in al'umma ta nuna wa kowa cewa nasara ita ce kuɗi da matsayi amma ta toshe wa mafi yawa hanyar halas ta kai wa can, to wasu za su riƙe burin su canza hanya. Mai satar amsa ai ba ƙin satifiket yake ba, so yake ƙwarai, hanyar ce ya bari. Ɗan damfara ma haka. Wasu kuma su saki burin da hanyar duka su koma gefe, a nan ya sa 'yan shaye-shaye, wasu su ce a rushe tsarin a kawo sabo.

Amma wanda ya fi shafar maganar gidanku shi ne abin da Edwin Lemert ya kawo a 1951 da Howard Becker a 1963, wato illar laƙaba suna. Lemert ya raba kaucewa biyu, ta farko ita ce wadda kusan kowane yaro yake yi, ya tsallake katanga sau ɗaya, ya yi faɗa, ya wuce ba ta zama shi ba. Ta biyu ita ce bayan an kama shi an sa masa suna, malamai sun fara kallonsa da sunan, in abu ya ɓace a hostel shi ake fara kira, yaran kirki iyayensu sun ce su rabu da shi, ya zama saniyar ware, sai ya duba ya ga waɗanda suka rage masa su zauna da shi su ne waɗanda dama aka sa wa sunan, a hankali ya karɓa ya ce to ai ni ɗin haka nake. Becker kuma ya nuna cewa ba aikin kaɗai ke sa a kira mutum da wannan suna ba, har da waye ya yi da kuma waye ke da ikon sa suna, yara biyu za su yi abu ɗaya, ɗan mai hali a ce ƙuruciya, maraya a ce ya fanɗare. Wannan kowa a nan ya taɓa gani da idonsa.

Kuma abin da ake kira saɓa al'ada yana canzawa. Kakanninmu da yawa ɓoye 'ya'yansu suka yi kada a kai su boko, wanda ya kai 'yarsa da kansa a lokacin shi ake nunawa da baki, yau wanda ya hana ta shi ake yi wa magana. Don haka Yaya Ɗan Jega ni shawarata, ko me aka ce ya yi a hukunta aikin, amma kada a bari kalmar ta shiga gida ta zama sunansa, kada ƙannensa su ji ana kiransa da ita ko da wasa.

Almajirin Gwandu:

Assalamu alaikum. Ɗalibin Zamantakewa na karanta bayaninka har ƙarshe kuma na amfana, sai dai akwai wurin da nake so a yi hattara kada mai karatu ya fita da fahimtar cewa komi awo ne na jama'a, abin da anka ƙi yau gobe a so shi, ke nan babu daidai babu kuskure. Mu a wurinmu ma'auni biyu ne ba ɗaya ba. Akwai al'ada akwai shari'a. Al'ada tana da matsayi, malaman fiƙihu suna da ƙa'idar da ke cewa al'ada abar hukunci ce da ita, amma da sharaɗin ba ta ci karo da nassi ba. Wanda ya saɓa al'ada zai iya zama shi ke kan gaskiya, wanda ya saɓa shari'a kuwa ko duk gari sun bi bayanshi bai zama daidai ba. Misali na nan gida, lokacin da Shehu Usmanu ke yawon wa'azi wani malami ya aiko mishi da waƙe shina sukar yadda mata ke halartar majalisinshi, Shehu ya sa ƙaninshi Abdullahi, wanda kabarinshi ke nan Gwandu, ya mayar da amsa da waƙe, ya nuna barin mata cikin jahilci shi ne babban munkari. A idon mai sukar an saɓa abin da anka saba, a ma'aunin shari'a kuwa gyara ne anka yi.

Larabci ya rarrabe waɗannan abubuwa da kyau. Inhirafi shi ne karkacewa daga hanya, shi ya fi kusa da kalmar da ake tambaya. Akwai kuma shazzi, wanda ya ware shi kaɗai, masu ilimin hadisi suna kiran ruwaya shazziya in amintaccen mai ruwaya ya saɓa ma waɗanda sunka fi shi aminci ko yawa, ka lura shi kanshi amintacce ne, ba a ce maƙaryaci ba ne, ruwayar ce ba a ɗauka. Wannan adalcin nake so malaman boko su ara in za su rubuta ma yaro rifot, a ƙi aikin ba tare da an zubar da mutuncin mai shi ba. Kuma maƙwabcin nan ya ji tsoron Allah, jifan yaro da irin wannan zato a gaban mahaifiyarshi ba ƙaramin abu ba ne, in bai tabbata ba sai ya ce a tambayi wanda ya sani.

Ɗan Jega:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Ban iya jiran a koma hutu ba, na nemi lambar malamin ajin na kira shi munka yi magana mai tsawo, na yi mishi tambayoyin da Malama ta ce. Abu biyu ne. Na ɗaya an kama su su huɗu sun tsallake katanga da dare sun tahi gidan kallon ƙwallo. Na biyu shina ƙin ɗebo ma siniyoyi ruwa da wanke musu kaya, har ya yi sa-in-sa da wani firifet a gaban mutane. Na tambaye shi kai tsaye ko akwai maganar lalata ko ƙwaya ya ce sam babu, shi bai ma san ana ɗaukar kalmar haka ba. Inna ta samu natsuwa. Maganar katanga ba zan sassauta mishi ba, da halin da ake ciki na tsaro yaro ya fita da dare ai ba abin wasa ba ne, na hana shi waya duk hutun nan kuma zai bi ni shago. Ta siniyoyin ce ban san yadda zan yi da ita ba, don ni ban tura shi makaranta ya zama ɗan wankin kowa ba.

Ma'aikaciyar Lafiya, Anka:

Alhamdulillahi da abin ya tsaya nan. Yaya Ɗan Jega maganar siniyoyin nan ita ta sa na ce bari in sa baki, don akwai amfani biyu na wannan kalma da muke haɗuwa da su a aikin lafiya waɗanda ba a ambata ba, kuma duka biyun sun taɓa abin da ka faɗa.

Na farko ana ce masa "positive deviance", wato kaucewa mai amfani. Labarinsa da aka fi sani a Biyetnam ne a 1990, ƙungiyar Save the Children ta tura wani mutum Jerry Sternin da matarsa Monique kan matsalar tamowa a ƙauyuka. Maimakon su fara da rabon abinci sai suka sa aka auna yara, aka nemo gidajen talakawa tilis waɗanda duk da talaucin yaransu ba su rame ba, aka je aka zauna aka ga me iyayen suke yi daban. Sai aka tarar suna tsinto ƙananan jatan lande da ƙaguwa a cikin gonakin shinkafa suna haɗawa da ganyen dankalin Hausa a abincin yara, abubuwan da sauran mutanen garin suke ganin ba na yara ba ne, kuma suna ba yaro abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini maimakon sau biyu. Waɗannan iyaye sun saɓa al'adar garinsu, kuma saɓawar ce ta tsirar da 'ya'yansu, daga nan aka sa su suna koya wa maƙwabta ta hanyar dafawa tare. Ni duk unguwar da na shiga irin matan nan nake fara nema, wadda ke zuba garin ƙuli ko waken suya a kunun yaro, wadda ke sa zogale, wadda ta ƙi ba jariri ruwa kafin wata shida duk da surutun uwar miji, don maganarta ta fi tawa shiga kunnen maƙwabciyarta.

Na biyun shi ne mai ban tsoro, "normalization of deviance", wato a yi ta kauce wa ƙa'ida kaɗan-kaɗan ba abin da ya faru har kaucewar ta zama ita ce ƙa'ida. Wata masaniya Diane Vaughan ce ta fito da kalmar da ta binciki fashewar kumbon Challenger na Amurka a Janairun 1986 wanda ya kashe mutum 7, ta gano injiniyoyi sun sha ganin robar da ke toshe mahaɗar roket tana lalacewa a tashin da aka yi a baya, amma tun da ana dawowa lafiya sai aka saba, aka ɗauke shi abin da za a iya zama da shi. Mu ba sai mun je Amurka ba. Jirgin ruwan da ya nutse wajen Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 mutane masu yawan gaske suka rasu, hukumomi suka ce lodi ya wuce kima, kuma duk mai shiga jirgi a yankin Yawuri ya san ba ranar aka fara irin wannan lodin ba, kullum ana yi ana tsallakewa, har ya zama wanda ya ce shi ba zai shiga ba an cika shi ake yi wa kallon matsoraci. Nan wajenmu kuma bayan gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, an kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da Yargalma da Bagega da sauransu, an yi ta jan kunne kada a sake niƙa dutsen zinari a cikin gida, abin da nake tsoro kullum shi ne mutum ɗaya ya ce yau kaɗai bari in shigo da buhu ɗaya, yaro bai faɗi ba, gobe maƙwabci ya yi.

To aiken da siniyoyi ke yi wa ƙanana a makarantun kwana ni a nan nake ajiye shi. Ban san makarantar da ta rubuta a dokarta cewa ƙaramin ɗalibi ya wanke wa babba kaya ba, sabawa aka yi har aka manta cewa shi ne saɓa doka, sai yaron da ya ƙi ya zama shi ne mai laifi. In ka je ka nemi a ba ka dokokin makarantar a rubuce, ka ce a nuna maka wadda ya karya a wannan ɓangaren. Rashin kunyar da ya yi wa firifet a gaban mutane ka yi masa faɗa a kai, akwai yadda ake ƙin abu da ladabi, amma kada ka sa shi ya ba da haƙuri a kan ƙin wankin.

Baban Khalifa, Talata Mafara:

Hajiya na yarda da ke a kan wanki. Amma a gaya ma yaron ya riƙa kai ƙara wurin malamin hostel maimakon ya tsaya gaba da gaba da siniyoyi, dare na da tsawo a makarantar kwana kuma yayan nashi ba ya nan. Malama tambaya gare ni, in mutum na son ya ce wane ba ya bin yadda kowa ke yi amma ba zagi yake nufi ba, wace kalma zai sa? Kuma yaya ake furta ita wannan ɗin?

Malamar Turanci, Gusau:

Baban Khalifa ana furta ta di-bi-yant, da nauyi a gaɓar farko, "di" ɗin a ja ta, kuma "v" ce a tsakiya ga mai iya fitar da ita. In ba zagi kake nufi ba ka ce "unconventional" ga mai yin abu ba yadda aka saba ba, ko "nonconformist" ga wanda ya ƙi bin ra'ayin taro da saninsa, in kuma mutum ne mai wasu ɗabi'u na daban marasa cutarwa "eccentric" ake cewa. Ɗan Jega in ka je ka roƙi malamin cikin mutunci, tun da shi ma ya ce bai san nauyinta ba, ya gyara abin da ke cikin fayil ɗin yaron ya rubuta ainihin laifin, fita ba izini shi ne "leaving the school premises without permission", don in watarana za a canza masa makaranta fayil ɗin za a buɗe, kuma wanda zai karanta ba lallai ya kira kowa ya tambaya ba.